Tsohuwar da Ke Tsoron Akwatin Talabijin

A wani tsohon silima na Cleveland ana nuna fim ɗin barkwanci na zamanin da, inda akwatin talabijin ke tsiro ƙafafu yana korar mutane. A gabana akwai tsohuwa mai jar hula, riƙe da hannun mijinta. Shi kallon baƙuwa yake mata. Ina jin mantuwar tsufa ce.

Akwatin na haɗiye ɗan sanda, sai tsohuwar ta ƙwalla ƙara, gugguru ya watse a cinyarta.

Tsohon ya tuntsire da dariya. "Haba Lorraine, matsoraciya! Har yau? Ke da kike lulluɓe namu da bargo!"

Ta manta da fim. Shi take kallo, tana dariya da hawaye. "Sake kiran sunana, Walt."