Ranar da na yayyanka manhajar pampon Kawu

Da na buɗe ordinatar, wato kwamfuta, sai na ga fishiye, wato fayiloli, sun cika allo kamar tururuwa.

Ni na rubuta 'yar manhajar da ke kunna pampon garkar albasar Kawuna a Tama. Wani abokina ya turo mini wani abin raha da masu rubuta manhaja suka ƙirƙira. Wai don aiki ya tsaru, sai abin ya ɗauki kowane layin manhaja ya ba shi fishiyensa daban. Na gwada shi a kan aikina, ban aje kwafi ba.

Wallahi har aya da waƙafi sai da ya ware wa kowa gidansa. Guntu ɗaya ya ɓace, ban san wanne ba, pampo ya yi tsit. Rana ta take, dashen albasa ya fara langaɓewa.

Kawu ya leƙo. "Mi ya hana ruwa zuwa?"

Na ce, "Kawu, abin ne ya rarrabu, kowane guntu da wurinsa."

Ya dube ni. "Haka aka yi wa gonar kakanka. Kowa ya samu rabonsa, ba wanda ya samu wurin juya garma. Wanga kuma da hannunka ka yi shi?"

Ya ɗauki guga ya nufi rijiya, tsoho mai ciwon baya. Na bi shi.

Har yanzu ban ga guntun nan ba, albasa kuwa ba ta jira. Wanda ya san yadda ake haɗa abin da aka yayyanka haka, don Allah ya yi magana tun kafin bayan Kawu ya gaza.