Kulos ɗin Inna

Jiya da hantsi na ji ana ta jan ƙofofin shaguna a unguwar Tayuri don tsoron rikici, sai na tuna Inna, tsohuwar gidan hayarmu. Ita rufe gida "kulos" take ce masa, Turancin da ta taho da shi daga Kano.

Ranar da harbi ya tashi a layinmu, ina goye da ɗiyata, na ce, "Inna, don Allah ki sa sakata."

Ta riƙe ƙyauren da hannunta mai warin daddawa. "Kulos bai yi ba, 'yar nan. Mai wankin gidan nan yana waje."

Ba ta rufe ba sai da ya faɗo ciki babu takalmi.

Ni har yau hannuna ke fara kaiwa sakata. Allah ya jiƙan Inna, ya ara mini ko rabin zuciyarta.