Lambun Albasa da Zana Ashirin da Shida

Kakarmu ta wajen uba, Inna Tsohuwa, ba ta ba da tatsuniya a ɓagas, sai ka yi mata gumi. A gidanmu na Tozai, in sanyi ya shigo an gama tuwon magariba, takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta muna gasa gyaɗa. Ni take fara tsokana: "Angona mai ƙaton kai, matso, yau za ni gani ko da wani abu ciki."

Ran nan ta ce, "Tatsuniyata ta iso, ku yi mata wuri." Muka ce mun yi.

Wai wata mata ce mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya uku, ga damina ba ta yi kyau ba, rumbu ya kusa ƙarewa. Sarkin noma ya ce ta yanki fangali talatin da shida a fadama ta dasa albasa, ta jera su yadda ta ga dama. Sai dai awakin garin ba su da kunya, lambun da ba shinge yini ɗaya ya ishe su. Ita kuwa zana ashirin da shida ke gare ta, kowanne daidai gefen fangali ɗaya.

Mutanen fadama siririn lambu suke yi, ya bi bakin gulbi, don kowane fangali ya kusanci ruwa. Ita ma ta bi su, layi biyu, goma sha takwas kowanne. Zana ya ƙare, ga baki nan wangame.

Nan Inna ta tsaya. Ta zube mana gyaɗa talatin da shida, ta kakkarya sillen kara ashirin da shida. "Ga fangali, ga zana. Ku shinge mata. In kunka kasa, awaki su cinye, ɗiyanta su kwan da yunwa, ni kuma in tai in kwanta."

Wallahi hankalina ya tashi! Yayata Hassi ta yi layi uku na goma sha biyu, kara huɗu suka gaza. Na gwada layi biyar, gyaɗa ɗaya ta rage ba wurin sa ta, don haushi har na kusa cinye ta. Sai na yi layi huɗu, tara-tara. Tara nan, tara can, huɗu da huɗu, kara ya zagaye cif.

"A'aha! Ashe kan ba na ado ba ne," in ji Inna. Ta ce haka matar ta yi. An yi mata dariya, don layin baya ya yi nesa da ruwa, sai da tulu take kai masa. Amma albasa ta tsira.

Yau ina koyar da lissafi a garin Isa, kuma da gyaɗa nake nuna wa yara cewa fili ɗaya yana da tsawo da faɗi iri-iri, abin da ke hannunka shi zai zaɓa maka. Na daɗe ina zaton iyakar darasin ke nan. Sai a zaman makokin Inna na ba Baffa, yayan mahaifina, labarin. Ya dube ni.

"Wace tatsuniya? Mu ne ɗiyan nan uku. Kwana biyu tana kafa zana tana tugewa, ubanka na goye a bayanta. Albasar nan ta kai mu damina."