Ranar da Giwaye Suka Fito da Hantsi

Talata ce, cikin kaka. Na dawo daga sallar asuba na tarar Saratu, matata, ta baje kwanoni a tsakar gida tana tace zuma. Ta miƙo mini kunu ba ta ko ɗago kai ba.

"Sarkin Giwa, sha ka tafi. Talakawanka na jira."

Sunan da ƙauye ya laƙaba mini ke nan, ita ma ta kama. Na ce ta rage mini zumar, kada ta rabar wa maƙwabta duka kamar bara. Ta ce sai dai in dawo da wuri.

Ƙauyenmu yana bakin wani babban gandun daji ne, can gabas, tafiyar yini guda a mota daga Keffi. Tun ina yaro giwaye ke fitowa idan dawa ta nuna. A shiga ɗaya sai su cinye abincin shekara na gida guda. Mutane su harbe su, su kuma su tattake mutane. Da ma'aikatan kare namun daji suka zo neman wanda zai riƙe musu aiki a ƙauye, ni aka ba su, saboda na ɗan yi makaranta. Muka kewaye gonakin gabas da waya, muka rataya akwatunan zuma a jikinta, domin giwa ba ta son ƙudan zuma. Muka kafa rumfar gadi a kan wata tsamiya, muka rataya tsohon ƙarfen tayar mota.

Tsarin mai sauƙi ne. Idan aka buga ƙarfe, maza su fita bakin shinge da garewani da usur da barkonon ƙonawa. Mata da yara su taru a filin firamare, wajen yamma, inda akwai katanga. Ba a fita da bindiga. An sha zama a ƙofar mai gari kafin maharba su amince da wannan. Kaka biyu muka yi ba a rasa rai ba, na mutum ko na giwa.

Da hantsi ƙarfe ya yi ƙara.

Ina gonar ƙanena muna yankan dawa. Muka kalli juna. Giwa ba ta fitowa da rana. Amma ƙarfen bai tsaya ba, kuma Baba Audu ne a kan rumfa, tsohon maharbi wanda ba ya buga shi don wasa. Kowa ya yi abin da ya saba. Na ga mata suna wucewa da goyo, sun nufi makaranta. Mu kuma muka nufi shinge, kowa da garwarsa.

Giwaye ne kuwa. Garken duka, a guje. A gaba akwai babbar macen da muke kira Gwaggo, mai karyayyen haure. Muka kaɗa garewani, muka busa usur. Ba su ko karkata ba. Gwaggo ta bangaje waya da ƙirji, akwatuna suka zube, ƙudan zuma suka turnuƙe. Muka dare biyu, suka ratsa ta tsakiyarmu. Dawa ta nuna, tana gogar bakinsu, amma babu wadda ta miƙa hanci ta karya zangarniya ɗaya. Suka yi kudu, wajen rafi.

Da ƙarar ƙafafunsu ta yi nisa, sai muka ji wata a bayanta. Babura.

Baba Audu ya daina buga ƙarfe. Ya leƙo daga rumfa.

"Ku gudu! Mutane ne! Ku gudu!"

Harbin farko shi aka yi wa.

Maharan suka fito ta giɓin da giwaye suka buɗe, uku uku a kan babur, fuska a rufe. Suka rabu kashi biyu. Kashi ɗaya ya biyo mu. Ɗayan ya miƙe cikin gari, bai tsaya a kowace ƙofa ba. Maza duka muna waje, hannunmu garwa. Mata duka suna wuri ɗaya.

Na faɗa cikin gonar dawa na yi yamma. Makaranta nake nema. Ina gudu a duƙe, kara yana yankar fuskata. Wani abu ya doke ni a dantse, na faɗi, na tashi. Sai daga baya na gane harsashi ne. Na kai bayan rumbunan mai gari na tarar suna ci da wuta. Daga nan ana hango ƙofar makaranta. Babura sun tare ta.

"Ku fito! Layi ɗaya! Wadda ta waiwaya ta mutu!"

Na ga mata suna fitowa. Na ga Saratu. Ta ɗauki ɗan wata maƙwabciya a kafaɗa, tana tafiya a hankali, kanta a sunkuye. Tsakanina da ita fili ne fetal. Na yunƙura, hannun ya ƙi ɗaukata. Wani a kan babur ya juyo da bindiga ya yi ta harbi cikin dawar. Na kwanta na manna fuska da ƙasa. Da na sake ɗagowa, layin ya sha kwana bayan masallaci, ya nufi daji.

Wuta ta kama gonar da nake ciki. Hanyar mota suna kanta, ina jin baburansu suna kai da kawowa. Hanya ɗaya ta rage, wadda giwaye suka tattake. Na bi ta.

Azahar ta same ni a cikin ƙurmi. Na yage gefen riga na ɗaure dantsen da haƙori. Na kira sunan ƙanena, a hankali, sannan da ƙarfi. Babu amsa. Harbi yana ta raguwa a bayana har ya koma kamar ana sassaƙa turmi a nesa. Daga baya shi ma ya ɗauke. Na ci gaba da bin karyayyun rassa da ɗanyen kashin giwa. Na san inda suka nufa akwai ruwa.

Da la'asar na iske su a rafi. Suna tsaye a inuwa, sun sa ƙananan a tsakiya. Na kewaya ta inda iska ba za ta kai musu warina ba, na sha ruwa, na zauna a gindin wani dutse. Gwaggo ta ɗaga hanci, ta juyo sashen da nake. Ta daɗe a haka. Sannan ta sauke. Shekaru na yi ina korar wannan garke, ban taɓa zama na kalle su ba. Ɗaya daga cikin ƙananan yana ɗingishi. Ban tashi ba sai da suka tashi, domin tun hantsi ban ga wani mai rai da na sani ba sai su.

Na kwana a kan bishiya. Washegari da rana na fita kwalta. Wani mai motar gawayi ya tsaya, ya dubi hannuna, ya ɗauke ni. Ya sauke ni a asibitin garin da ke gaba.

A garin ne mutanenmu suka riƙa taruwa, a harabar wata makaranta. Ƙanena ya iso. Wasu matan ma sun iso, waɗanda suka sulale a hanya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce ta ga Saratu ta tsallake wani kwari ta shiga ciyawa. Wata ta ce a'a, har inda ta rabu da su tana cikin layi. Na jira har masu zuwa suka daina zuwa.

Saratu 'yar Keffi ce. Na ce a raina, duk titin da ta ɓullo, motar gida za ta tambaya. Sai na taho.

Na iso Jigwada, unguwarsu a Keffi, bayan la'asar. Na yi sallama a zaure. Inna, mahaifiyarta, ta fito da kanta. Na durƙusa. Ta dubi hannuna da ke rataye a wuya, ta dubi bayana, ta leƙa titi hagu da dama. Sannan ta juya cikin gida.

"A kawo masa ruwa."

Yanzu damina ta wuce, wata kakar ta zo. Yayan Saratu ya sama mini ɗaki a unguwar Gangaren Tudu, ina tsare masa shago. Idan na rufe sai in biya tasha, in tsaya inda motocin gabas ke sauke mutane. Masu lodi sun san ni. Da sun hango ni sai su girgiza kai, in ɗaga musu hannu.

An binne Baba Audu. Mai gari ya rasu a gudun hijira. Ƙauyen babu kowa, ciyawa ta rufe gonaki. Dattawan unguwa sun je wurin Inna a kan ko za a yi wa Saratu sadaka. Ta ce ba a kawo mata gawa ba.

Kowace safiya masu sayayya suna shigowa. Yawancinsu ba su san daga inda na fito ba. Su gaishe ni, su tambayi gajiya, su tambayi kasuwa. Sannan su ce, "Ya iyali?"

Nakan ce lafiya lau, in miƙa musu abin da suka zo saya.