Hoton da Ambrose Ya Ƙi Tsayawa

A ƙauyenmu da abu biyu aka san Tabitha Pudney: wankin da take yi wa gidan fasto, da faɗan da take yi da mijinta Ambrose, wanda ya daɗe kwance a maƙabartar sojoji a Faransa. Mutum ya mutu, amma bai huta da bakinta ba.

Ambrose mai gyaran shingen gonaki ne, kuma Allah bai yi shi da zama wuri ɗaya ba. Ko a coci ƙafarsa rawa take yi. A kakar 1916, ana tsakiyar yaƙi, jirgin balan-balan na Jamusawa, wanda ake kira zefelin, ya faɗo a gonar tsoho Farrow. Gari ya waye aka tarar da shi kwance, tsawonsa ya fi layin gidajenmu, yadin da ya lulluɓe shi ya ƙone ƙurmus, sai haƙarƙarin farin ƙarfe. Sojoji suka kewaye shi da igiya, suka ce kada a taɓa komai. Da jin haka kowa ya shiga neman guntun da zai sa a aljihu.

A zamanin, falon da ya amsa sunansa ba ya rasa katunan nan masu hoto biyu a jere, da abin leƙe na katako mai gilashi biyu. Ka sa kati ka leƙa, hotunan su haɗe, komai ya taso kamar ka kai hannu ka taɓa. Masu sana'ar gaske kyamararsu ido biyu gare ta, ɗauka ɗaya an gama. Mista Cudmore mai kantin maganinmu kuwa marowaci ne, tasa ido ɗaya ce. Sai ya ɗauka, ya matsar da ita gefe kaɗan a kan katako, ya sake ɗauka. Tsakanin ɗauka biyun ba a son kowa ya motsa.

Ya jera mutane a gaban jirgin, ya sa Ambrose a gaba.

"Ambrose, don girman Allah ka tsaya kamar an dasa ka."

"Ai a tsaye nake, Mista Cudmore."

"Ƙafar fa?"

"Wannan ko uwata ba ta iya da ita ba."

Aka yi ta farko lafiya. Cudmore na matsar da kyamara, idon Ambrose ya faɗa kan wani guntun ƙarfe a cikin ciyawa, sojan da ke gadi kuma ya juya baya. Sai ya duƙa. Da guntun nan ya ƙera wa Tabitha zobe, ya goge shi da toka har yana walƙiya. Kafin sanyin shekarar ya wuce aka kira shi soja, bai kuma dawo ba.

Katin nan na Cudmore shi kaɗai ne hotonsa a duniya. A hagu ga shi tsaye da hularsa, a dama babu shi, sai wani dishi-dishi kusa da ƙasa. Idan Tabitha ta leƙa, kowa ya fito da jikinsa: ɗan sandan ƙauye da tumbinsa, tsoho Farrow, har da saniyarsa. Ambrose kaɗai ke ɓullowa yana ɓacewa, ana hango ƙarafan jirgin ta cikin ƙirjinsa. Abin nan ya ci mata rai ba kaɗan ba.

Maƙwabciyarta Dorcas ta ce, "Ke ma dai da neman wahala. Rufe ido ɗaya mana, ki gan shi sarai."

"Na rufe. Takarda ce zalla. Ni takarda na aura?"

"To ya za ki yi?"

"Ki duba fa, Dorcas! Saniya ta tsaya. Saniya! Shi da aka roƙa da girman Allah, tsayuwar ƙiftawar ido ta gagare shi."

Ta tasa Cudmore a gaba har ya buga mata hoton hagu sau biyu ya manna a kati ɗaya. Ta leƙa, Ambrose ya tsaya cak, amma komai ya kwanta, shi da jirgin da saniyar sun zama shafe ɗaya kamar tallan sabulu a bango.

"Wannan ai kashe kowa ka yi," ta ce, ta tura masa abinsa.

Don ya rabu da ita ne ya gaya mata cewa ran nan akwai masu hoto daga Landan, masu kyamara mai ido biyu, su ma sun ɗauka. Da ya san abin da zai jawo da ya yi shiru. Daga ranar, duk Asabar ɗin da babu wanki, Tabitha tana kasuwar Colchester da abin leƙenta a jaka, tana tone akwatunan 'yan gwanjo. Ta ga jiragen da suka faɗo a wasu ƙauyuka har ta iya bambance su daga haƙarƙari. Ta ga namu ta gaba, ta gan shi ta wutsiya, ta ga hafsoshi masu gashin baki sun tsaya ƙiƙam, mutanen da ba wanda ke nemansu. Kowace Asabar ta dawo tana mita a hanya: "Kowa ya iya tsayuwa ban da kai."

Silima ta zo, rediyo ya zo, yayin katunan ya wuce. Aka yi wani yaƙin aka gama. Kanta ya yi fari fat, yatsunta suka kumbura da ruwan wanki har zoben ya daina fita.

Wata Asabar wani ɗan gwanjo da ya saba da ita ya ɗago mata kati. "Iya, yau ma kin zo neman tsohon naki? Ga wani na gonar Farrow, a kayan wani mamaci na tsinta."

Ta goge gilashi da bakin mayafi, ta leƙa. Daga gefe aka ɗauka. Ga Cudmore sunkuye kan kyamararsa, ga jerin mutane, ga saniya. A gaba kuma ga Ambrose, cikakken mutum, ya taso har tana iya ƙirga zaren facin da ta yi masa a wando. Facin ta fi gani kuwa, domin a duƙe yake, ya ba duniya baya, hannunsa cikin ciyawa. Fuskar ko alama.

"Iya, shi ne?"

"Shi ne, ɗan banza. Shekara da shekaru ina yawo, ka ga abin da ya juyo min."

Haushi ya tokare ta har ta so ta yi jifa da katin, amma ta kasa cire idonta. Tsakanin yatsunsa akwai wani ɗan farin abu, ya riga ya ɗago shi daga ciyawa. Ba ta san lokacin da ta miƙa hannu ta bayan katin ba, tana laluben bayansa a iska, zoben ya bugi katakon abin leƙen ya yi ƙas.

"To tsaya haka nan," ta ce a hankali. "Kada ka motsa."