Babban Yatsan Baba

Mahaifina mahauci ne, a Ƙofar Ran aka haife shi, kuma tun yana saurayi yake yanka. Da gindin babban yatsansa na dama ya fara ciwo, ɓoyewa ya yi. Mun dai lura ya daina iya murɗa mukulli, sai ya kama shi da hannu biyu.

Ranar wata Babbar Sallah maƙwabcinmu ya kawo bijimi, aka kayar da shi a ƙofar gida aka ɗaure. Ina tsaye riƙe da kwanon ruwa. Baba ya yi bisimilla ya ɗora wuƙa. Bai kai rabin wuya ba yatsan ya saki, wuƙar ta faɗi. Bijimin ya tsinka igiya ya miƙe, jini na tsartuwa har jikin katanga. Ya ɗauki Baffa, ƙanen Baba, ya maka shi da bango, muka ji haƙarƙarinsa ya ce ƙas. Mata na ihu, maza na dukan bijimin da taɓarya da sanduna. Da ƙyar aka sake kayar da shi, wani ya ƙarasa yankan.

Baba ya shige cikin gida. Na bi shi. Ya kifa turmi, ya shimfiɗa hannunsa a kai, ya ɗaga adda da hagu.

"Yau zan rabu da kai," ya ce wa yatsan.

Inna ta yi tsalle ta riƙe damtsensa. "Malam, ka ji tsoron Allah!"

Ya wancakalar da ita, bakinta ya daki dutsen murhu, leɓenta ya tsage. Ban taɓa ganin ya ɗaga mata hannu ba. Da ya ga jini a mayafinta, ya saki addar ya zauna a ƙasa.

Bayan haka ya je wurin wanzami, aka ɗora masa ƙarfen da ya yi ja a wuta a gindin yatsan. Ƙaurin fatarsa ya cika zauren wanzamin. Ciwon bai gusa ba.

Baffa ne, daga kwance, ya rantse sai an kai Baba asibiti. Likitan ƙashi ya ɗaga hoton hannun ya nuna mana.

"Malam, guringuntsin nan ya cinye, ƙashi ke gugar ƙashi. Akwai allura da ɗauri, amma naka ya wuce nan. Ko a tsaga a cire ɗan ƙashin da yatsan ke zaune a kai, ko kuma a huda ƙananan ƙofofi biyu, a zura 'yar kyamara, a kankare inda ya lalace. Wannan na biyun sai na tura ka wani gari, kuma ban ce ƙarfinka zai dawo duka ba."

Baba ya daɗe yana kallon hoton.

"Tsagawa na san ta, likita. Na san abin da take yi wa nama. A huda."

Ni na raka shi can aka yi aikin. Ya yi makonni da hannu a ɗaure, yana cin tuwo da cokali a hagu, yana faɗa da kowa. Zafin ya ragu sosai har yana barci, amma riƙonsa bai koma kamar da ba. Ya kama rumfa a Yelwa ya koma yin kilishi. Ɗalibai ke saye, kullum suna ƙorafin yaji ya yi yawa, shi kuma bai taɓa ragewa ba.