Muryar Ƙanwata Ta Iso Daga Baya

Ni ban yarda da maganar da ban ga bakin mai ita ba. Shi ya sa wayar nan da ake ganin mutum a ciki ba ta kwanta mini ba: baki ya motsa, murya sai ta ga dama ta biyo. Surukata, matar ɗana, ta ce wai gutsuttsura hoto da murya ake yi, kowanne ya kama hanyarsa, sai sun iso a haɗa su. In sabis ya yi rauni, wani ya riga wani. Na ce Allah ya kyauta.

Daminar da ruwa ya yanke mana hanya a Maruta, ko babur ba ya wucewa, ƙanwata tana kwance a asibiti a Birnin Kudu. Bayan la'asar 'yarta ta kira tana kuka.

"Inna, jikin ya yi tsanani."

"Share hawayenki. Matsar da wayar kusa da ita, in ga fuskarta."

Tun muna 'yan mata ni da ƙanwata muka yi alkawari, wadda ta rage ita za ta tuna wa 'yar'uwarta kalmar shahada. Abin kuma da ƙa'idarsa: in mara lafiya ya faɗa, sai a yi shiru, kada a ja shi ga wata maganar ta zama ta ƙarshe.

Na faɗa a hankali. Bakinta ya motsa. Ban ji komai ba.

Surukata ta ce, "Inna, ki sake mana. Ƙila ba ta ji ba."

"Yi mini shiru."

Na san bakin nan, ni na koya masa cin tuwo. Na ga harshe ya hau ya sauka, ya sake hawa, leɓe bai haɗu ba, yadda baki ke yi in ana faɗar kalmar. In idona ya yaudare ni, na bar ta ta tafi hannu sake. In kuma na maimaita ta ce, "Yaya, ai na faɗa," na ɓata mata.

Na kama bakina.

Hoton ya tsaya cak. Da ya dawo, 'yarta na rufe mata ido. Sai a sannan muryar ta iso, siririya kamar daga cikin rijiya, ta kai kalmar har ƙarshe. Salatin 'yarta ya biyo baya.

Surukata ta fashe da kuka. Na ce ta kashe wayar, ta miƙo mini buta.

Har yau ba na son wayar. Amma ranar ta kawo abin da aka ba ta, jinkiri kawai ta yi.